Kiwon hawainiya a Riyad: yadda ake samar mata raɓa a garin da raɓa ba ta sauka

Yaran da muka haifa a nan Saudiyya ba sa tsoron abin da muka taso muna tsoro. A gida, in aka ga hawainiya a jikin darni ko a kan karan rama, yara kan watse da ihu, manya su ce a ƙyale ta ta wuce abinta. A nan Riyad kuwa, yaro ɗan shekara goma zai ga hotonta a waya, ya tasa mahaifinsa gaba sai an shiga shagon dabbobi an sayo masa. Cikin shekara guda na san gidaje uku na 'yan uwanmu da suka sayo, kuma babu ko ɗaya da ta kai wata huɗu a raye. Duka ukun sun sami abinci, har da ƙari. Ƙishirwa ce ta kashe su, alhali kowacce akwai kwanon ruwa cike a ƙasan kejinta.

Ni aikin jinyar mutane na karanta, ba na dabbobi ba. Hawainiyar da ke gidana gadonta na yi. Wata abokiyar aikina ce 'yar Filifin kwantiraginta ya ƙare, za ta koma ƙasarsu, sai ta bar min ita da kejinta. Shekara biyu ke nan. Namiji ne, amma bakin Bahaushe ba ya iya cewa "shi" ga hawainiya, don haka "ita" zan riƙa cewa. Da Innata ta gan ta ta bidiyo, cewa ta yi, "Ke yanzu duk kajin duniya da tantabaru ba su ishe ki ba?" Ban da amsa. Sai dai tunda ta shigo hannuna, haƙƙinta ya hau kaina. Duk mun san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kuma don Allah a daina haɗa ta da tsaka: halittarsu daban, rayuwarsu daban.

'Yar Saudiyya ce, amma ba 'yar Najdu ba

Irin da aka fi sayarwa a shagunan Riyad ita ce mai dogon tudu a ka kamar kwalkwalin mahayan Sallah. Larabawa suna kiran hawainiya hirba'u, Turawa kuma suna kiran wannan irin da hawainiyar Yaman. Namiji yana kaiwa santimita 60 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, mace ba ta kai haka ba. Ana gane namiji tun yana jariri da wani ɗan ƙaho a bayan duddugen ƙafarsa ta baya. In ya samu kulawa yana yin shekara shida zuwa takwas.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne jin cewa asalinta daga wannan yankin take. Sai a ɗauka dabbar hamada ce irin dabbu, wato ƙadangaren nan mai ƙayoyi a wutsiya da ke haƙa rami a rairayin Najdu, wanda da wuya ya sha ruwa. Ba haka ba ne. Gidan wannan hawainiya shi ne duwatsun kudu maso yammacin Saudiyya, wajajen Asir da Jazan, har zuwa tsaunukan Yaman na Ta'iz da Ibb. Daga Riyad zuwa Abha, babban birnin Asir, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma wanda ya taɓa zuwa ya san kamar wata ƙasa ya shiga. Abha tana bisa tudu mai tsawon mita 2,200 da 'yan kai. Iska mai laima tana tasowa daga Bahar Maliya, ta hau gangaren duwatsun Sarawat, ta yi sanyi, sai ta zama hazo. Har akwai wurin shaƙatawa a garin da ake kira da sunan hazo. Amma fa kada sunan ya ruɗe mu: hazonmu na hunturu ƙura ce busasshiya, nasu kuwa ruwa ne da ke yawo a iska, in ka tsaya a cikinsa rigarka za ta jiƙe.

A can, hawainiya tana kwana a kan reshe cikin sanyi da laima, tana shaƙar iska mai danshi dare guda. Da gari ya waye ganye ya cika da raɓa, sai ta lashe. Rana ta fito, komai ya bushe, ta sha hantsi, ta yi farautar ƙwari. Ba ta saukowa ƙasa neman tafki. Shi ya sa ruwan da ke kwance a kwano yawanci ba ta ma gane cewa ruwa ne. Ɗigon da ke ƙyalli a kan ganye, ko wanda ke gangarowa, shi idonta ya sani.

To yanzu a kawo ta Riyad. Ruwan saman da garin nan ke samu a shekara bai wuce wajen milimita 100 ba. A watannin Yuni zuwa Agusta zafi yana haura digiri 43, danshin iska kuma yana sauka zuwa wajen kashi 10 cikin 100. Bari in ɗan fayyace wannan lissafi, don shi ne ginshiƙin komai. In aka ce danshi kashi 50 ne, ana nufin iska ta ɗauki rabin ruwan da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai zafi babban ciki gare ta, mai sanyi ƙaramin ciki. In iska ta huce da dare, cikinta ya matse, sai ta amayar da abin da ya rage, shi ne raɓa. Iskar Riyad a bazara ko ta huce ba ta da abin amayarwa.

A cikin ɗaki, mukayyif yana sanyaya iska, amma duk ɗan danshin da numfashinmu da girkinmu suka ƙara yana tatse shi ya zubar ta tiyon baya. Ma'aunin da ke falona yakan tsaya tsakanin 20 da 28 a bazara. Lokacin sanyi kuma in aka kunna daffaya sai abin ya ƙara lalacewa, don dumama iska buɗe mata ciki ne. Ba hawainiya kaɗai ke ji a jikinta ba. Haɓon da yaranmu ke yi da dare, fason ƙafa, leɓe ya tsattsage, tarin nan maras kaki da ke tashin mutum da asuba, da yawa daga nan suke.

Abin da ake nema a kejin shi ne a kwaikwayi tsarin Asir: rana a bushe, danshi kashi 30 zuwa 50, dare a jiƙe, kashi 75 zuwa sama, tare da sanyi. Sauyin nan tsakanin dare da rana shi ne abin kula, ya fi kowace lamba guda muhimmanci.

Keji, ganye da ɗigo

Yawancin shawarwarin da ke intanet masu kiwo a Amurka da Turai ne suka rubuta, kuma da yawansu za su ce a sayi kejin raga ta kowane gefe. A garin da ke da laima wannan daidai ne. A Riyad, in ka fesa ruwa a kejin raga zalla, kafin ka ajiye abin feshin ka sha shayi ya bushe ƙarmas. Akwatin gilashi irin na kifi kuma ya fi muni, don iska ba ta zagayawa a cikinsa. Abin da ya yi min aiki shi ne tsaka-tsaki: na rufe baya da gefe biyu da farantin roba, na bar gaba da sama a raga. Iska tana shiga ta ƙasa, ta dumama, ta fita ta sama, amma ba ta kwashe danshin gaba ɗaya. Girman keji ga babba kada ya gaza santimita 60 faɗi, 60 zurfi, 120 tsawo. A ɗora shi a kan tebur, don hawainiya hankalinta ya fi kwanciya in tana kallon mutum daga sama. Kuma kada a ajiye shi inda bakin mukayyif ke hurowa. Guda ɗaya a keji ɗaya. Ba sa son junansu.

Sai shuka mai rai, ba ta roba ba. Ganye mai rai yana riƙe ɗigon ruwa, yana kuma fitar da nasa danshin, ƙasar tukunyar ma tana taimakawa. Wannan irin hawainiyar tana cin ganye, saboda haka na roba na iya toshe mata hanji. Shukar nan mai yaɗo da ake ratayawa a ofisoshi, wadda ake kira fotos, tana jure komai. Amma wadda tawa ta fi so ita ce shukar fulawa ta hibiskus, wadda dangin rama ce da yakuwa. Ranar da na tarar ta yagi ganyen ta bar min rabi, dariya na yi ni kaɗai. Ashe masu cewa hawainiya ta kiyayi rama sun san abin da suka gani. A wanke duk shukar da aka sayo sosai kafin a saka, saboda maganin ƙwari, a kuma rufe ƙasar tukunyar da manyan duwatsu don kada ta haɗiyi ƙasa.

Feshi ina yin sa sau biyu, kuma da lokutan salla nake auna shi don kada in manta: bayan asuba kafin fitilu su kunnu, da bayan isha'i in sun mutu. Kowanne minti biyu zuwa uku, har ganye ya riƙa ɗiga. Ganyen ake fesawa, ba fuskarta ba. Ranar da nake aikin dare, ɗan injin feshi mai agogo ne ke yi. Da rana kuma akwai maɗiga: robar ruwa ce aka huda mata ɗan ƙaramin rami a gindi, aka ɗora a saman ragar, tana ɗiga a kan ganyen da ke kusa da inda take zama. Wannan ba ya cin ko riyal ɗaya, kuma a ganina ya fi duk na'urorin da ke ɗakin amfani. Hawainiya ba ta gaggawa a komai, har da sha. Tana iya kallon ɗigo na minti biyar kafin ta buɗe baki, kuma sau da yawa ba za ta sha ba in kana tsaye a kanta.

Ruwan da ya shiga dole ya fita. A huda gindin keji, a sa bokiti a ƙasa, a zubar kullum. Kada a shimfiɗa ƙasa ko dusar katako a daɓen kejin. A bar shi fili yadda za a goge.

Batun fitila ba zan tsawaita ba, sai dai ba ya tsallakuwa. Ana buƙatar biyu: ta dumi a kusurwa ɗaya, inda zafi zai kai digiri 29 zuwa 32, da doguwar fitila mai hasken UVB, wanda ke sa jikinta ya sarrafa sinadarin kalsiyam. In babu shi ƙasusuwanta za su yi laushi su lanƙwashe, kamar yaron da ya rasa bitamin D. Ajiye keji a bakin taga ba ya maye gurbinta, don gilashi yana tare wannan hasken. Awa 12 a kunne, awa 12 duhu.

Inda danshi ke zama cuta

Nan ne aikina ya fi taimaka min. Wanda ya ji cewa bushewa ce matsala, sai ya ruga ya sayo injin hazo, ya kunna dare da rana. Wannan ma kisa ne, sai dai ta wata hanyar. Zafi da laima da iskar da ba ta motsi, in suka haɗu, sun zama gonar ƙwayoyin cuta. Ƙadangaru ba su da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki, wanda mu muke tari da taimakonsa, don haka majina in ta taru a huhun hawainiya ba ta iya fitar da ita. Alamomin su ne ta riƙa ɗaga hanci sama, tana buɗe baki ba don zafi ba, yawu mai yauƙi ko kumfa a baki, da wani ɗan ƙara-ƙara in tana numfashi. In ta rufe ido da rana tsaka, abin ya yi nisa. Wannan na likitan dabbobi ne, ba na jiƙo ko ragowar maganin yara ba.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: injin hazo da dare kawai, kuma sai in ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 20. Daga Disamba zuwa Fabrairu wannan abu ne mai sauƙi a Riyad, ina kashe daffayar ɗakin ne kawai, injin ya yi aiki daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa asuba. A bazara kuwa, lokacin da ko tsakar dare zafi bai cika sauka ƙasa da 28 a waje ba, in mukayyif bai iya sanyaya ɗakin sosai ba, ina haƙura da hazon, in ƙara tsawon feshi da maɗiga. Kuma ko yaushe, kafin azahar ya kamata reshe da ganye su bushe. Reshen da ke jiƙe kullum yana sa mata gyambo a tafin ƙafa.

Masu zama a tsofaffin gidajen Manfuha ko Batha da ke da mukayyif sahrawi sun fi mu sa'a a nan. Shi wannan ruwa yake ratsawa ta cikin ciyawa, fanka ta huro, sai ya sanyaya iska yana ƙara mata danshi. Dabarar randa ce aka sa mata lantarki. Irinta ce Malam Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita a Jigawa, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai ruwan kansa. Ruwan famfon Riyad haɗi ne na ruwan teku da aka tace aka turo ta bututu daga gabar gabas, da kuma na rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa. Kowa ya ga farin abin da yake bari a butar shayi. Shi ne ke toshe bakin injin feshi, kuma a injin hazo yana tashi ya zama farar ƙura da ake shaƙa. Ina amfani da tataccen ruwa na galan. Mako-mako ina kwance injin, in wanke da ruwan khal, in ɗauraye, in shanya ya bushe sarai. Ruwan da ya kwana a tanki ba na ƙara sabo a kansa, zubarwa nake yi.

Ba tsabar tsantseni ba ne. A asibiti, kwalbar da iskar oksijin ke ratsawa kafin ta isa hancin majiyyaci ruwa mai tsabta na musamman muke zuba mata, saboda mun san abin da ke tsirowa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye. Ƙwayar cutar lijiyonela, wadda aka gano bayan ta kama mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya a 1976, ta irin wannan feshin take shiga huhu. Injin da ke ɗakin hawainiya, iskar da yaranki ke shaƙa yake fesawa. Amma kuma kada tsoron ƙwayar cuta ya sa a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ko turare a cikin tankin. A Koriya ta Kudu an yi shekaru ana sayar da wani ruwan magani na zubawa a injin danshi, sai a 2011 hukuma ta gano shi ne ke lalata huhun mata masu ciki da jarirai. Ɗaruruwan mutane sun mutu. Wannan gargaɗin ya shafi duk mai injin danshi a ɗakin yara, ko yana da hawainiya ko ba shi da ita.

Ma'aunin danshi na lantarki ba shi da tsada, a rataya shi a tsakiyar ganye, ba a jikin raga ba. Sai dai ma'auni iska yake faɗa maka, ba dabbar ba. Mu a wurin aiki, in muna son sanin ko majiyyaci ya samu isasshen ruwa, fitsarinsa muke dubawa. Haka ita ma. Hawainiya ba ta fitsarin ruwa. Tare da bahayarta akwai wani ɗan farin dunƙule kamar na kashin kaza, shi ne fitsarin. In fari ne tas, ko da ɗan rawaya a baki ɗaya, lafiya lau. In ya koma ruwan goro gaba ɗaya kuma ya yi tauri, ruwa ya yi ƙaranci. In aka bar haka ya daɗe, gishirin fitsarin yana taruwa a ƙoda da gaɓoɓi, ƙafa ta kumbura, ƙoda ta gaza, kuma wannan ba ya komawa baya. Idon da ya faɗa ciki alama ce da ke zuwa a makare. Launinta ma yana magana: in ta yi duhu ta zauna haka yini guda, ko sanyi take ji, ko tsoro, ko ciwo.

Wani ɓangare na ruwan jikinta daga abinci yake zuwa. Gyare da fara da ake ba ta, a ciyar da su ganye da karas kwana ɗaya kafin a miƙa mata, a barbaɗa musu garin kalsiyam. Kada a kamo kyankyason bayan gida, don ba a san abin da ya ci ba.

Ga iyaye: dabbobi masu rarrafe suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ko da lafiyarsu ƙalau. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar kada yaro ƙasa da shekara biyar ya taɓa su. Bokitin ƙasan keji kada a zubar da shi a wurin wanke-wanke, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa komai na kejin. Ita dai ba ta son a ɗauke ta ma. Yaron da ke neman abin runguma, kyanwa ta fi masa.

Wasu daga gida sun tambaye ni ko za a iya yin haka da tamu ta Kano ko ta Maraɗi. Tamu wani iri ne daban, kuma ta saba da damina da rani irin namu, amma tsarin shan ruwanta ɗaya ne: ɗigo a kan ganye. A hunturu iskar Kano ba ta da maraba da ta Riyad wajen bushewa. Ra'ayina shi ne wadda ke lambu a bar ta a lambu, tana rage mana fara da ƙudaje kyauta. Wanda kuma ke tunanin ƙunso ta a jaka ya shigo da ita, ya sani cewa hawainiya tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ce ba sa tsallaka iyaka sai da takarda. A nan Saudiyya Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce ke da alhakin lasisi, ta dandalinta na Fitri, kuma mai iƙama ba ya son abin da zai haɗa shi da tara. A tambayi mai shago takardar asalin dabbar kafin a biya.

Abu na ƙarshe da za a lissafa kafin a saya shi ne hutu. Mu da muke tafiya gida wata guda ko fiye, tankin injin feshi ba zai kai ba, bokiti zai cika, kuma ɗakin da aka kashe wa mukayyif a watan Yuli tanderu ne. Bara da zan tafi, sai da na kai ta gidan wata maƙwabciyata 'yar Sudan da kejin da komai, na manna mata takarda a jikin ragar: lokacin feshi, yawan gyare, lambar likitan dabbobi, da roƙon ta riƙa turo min hoton farin dunƙulen nan duk bayan kwana uku.